Ciniki Daga Nesa: Tarihin Ƙananan 'Yan Kasuwar Intanet

Babu wata mas'ala da ta daɗe tana damun ma'abota saye da sayarwa kamar ta mutum biyu da nisa ya raba, ɗaya yana riƙe da haja ɗaya yana riƙe da kuɗi, kowannensu yana da bukatar abin da ke hannun ɗan'uwansa, amma babu wanda ya yarda ya fara sakin nasa. Wanda duk ya bi diddigin ƙananan 'yan kasuwar da suka kafa sana'arsu a kan intanet, watau mutum ɗaya ko biyu da ke zaune a ɗaki suna sayar wa duniya abin da hannunsu ko ƙwaƙwalwarsu ta haifa, zai tarar cewa dukan dabarun da aka ƙago dominsu, tun daga kulle lambar katin banki har zuwa taurarin da mai saye ke bai wa mai sayarwa, ƙoƙari ne na warware wannan tsohuwar mas'ala ta amana, kuma duk wanda ya warware wani yanki nata sai ya waiwayo ya nemi ladan aikinsa.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yin nazari a kan haka. A mazhabar Imamu Malik an halatta sayar da abin da ba ya nan idan aka siffanta shi siffa mai kawar da jahilci, an kuma halatta sayen kayan da ke ƙulle cikin dila bisa dogaro da takardar da ta lissafa abin da ke ciki, wadda ake kira barnamaj, kamar yadda ya zo cikin Muwaɗɗa da Risala ta Ibn Abi Zaid, saboda kwance kowane ƙunshi a gaban kowane mai taya wahala ce da ɓarnar kaya. Sai dai sun yi taka-tsantsan wajen sharɗanta biyan kuɗi tun kafin kayan da ke nesa su iso, domin gudun garari, kada kuɗin ya zama wani lokaci farashi wani lokaci rance. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, gama zai sake gamuwa da shi.

Kakan ɗan kasuwar intanet na kusa shi ne mai sayarwa ta gidan waya. A shekarar 1872 wani mutum a birnin Chicago na Amurka, Aaron Montgomery Ward, wanda ya yi shekaru yana yawon tallan kaya cikin ƙauyuka har ya ga yadda masu kantuna ke tsawwala wa manoma, ya buga takarda guda mai ɗauke da sunayen kaya 163 da farashinsu, ya aika wa mutanen karkara, ya ce wanda ke so ya rubuto. A 1875 ya ƙara da alkawarin da ya zama ginshiƙin irin wannan tijara har yau, cewa wanda kaya ba su gamshe shi ba ya mayar a ba shi kuɗinsa. Richard Sears kuwa ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne a jihar Minnesota, wanda a 1886 ya karɓi wasu agoguna da mai kantin garin ya ƙi amsa, ya sayar wa takwarorinsa na sauran tashoshi, daga nan arziki ya buɗe. Dukansu biyu da ƙaramin jari suka fara, kuma dukansu kan abin da wasu suka shimfiɗa suka hau, watau layin dogo da gidan waya, waɗanda ba su ne suka gina ba, ba su kuma da iko da kuɗin da ake yanka musu.

Amma inda na fi son mu dakata shi ne farkon shekarun 1980, lokacin da kwamfuta ta fara shiga gidajen mutane, domin a nan ne aka yi wani gwaji na amana wanda, a ganina, ba a ba shi haƙƙinsa cikin tarihi ba. A zamanin nan manhaja tsada gare ta, ana sayar da ita cikin kwali a kantuna, kuma mutum ba ya sanin ko za ta yi masa amfani sai bayan ya biya. A 1982 wani lauya kuma editan littattafai a California, Andrew Fluegelman, ya rubuta manhajar da ke haɗa kwamfuta da kwamfuta ta layin tarho, mai suna PC-Talk, maimakon ya kai ta kanti sai ya ce kowa ya kwafa ya bai wa abokinsa, wanda ya ga ta amfane shi ya aiko da dala 25 in ya ga dama. A cikin shekarar nan kuma wani ma'aikacin IBM a jihar Washington, Jim Knopf, wanda aka fi sani da Jim Button, ya yi irin wannan da manhajarsa ta adana bayanai, PC-File, wadda asalinta ya rubuta ta ne don buga adireshin jama'ar cocinsu. Babu ɗan sanda, babu alƙali, babu wata hanyar tilasta wa kowa, duk da haka wasiƙu masu ɗauke da cek suka yi ta zuwa gidan Knopf, har abin da yake samu ya ninka albashinsa, ya ajiye aikin IBM a 1984. Na ukunsu, Bob Wallace, wanda ya bar Microsoft ya fitar da PC-Write a 1983, shi ya ƙara wata hikima: duk wanda ya biya, in ya bai wa wani kwafinsa, wancan ma ya biya, to, na farko yana da la'ada. Ashe dillancin da manyan kamfanoni suka ɗauka daga baya, kamar yadda Amazon ya yi a 1996 sa'ad da ya fara biyan masu turo masa abokan ciniki, wani mutum guda ne ya riga su gwada shi da faifai da ambulan. Galibin masu amfani da waɗannan manhajoji ba su biya ko anini ba, wannan gaskiya ne. Amma 'yan kaɗan da suka biya sun isa su ciyar da mai ita, tun da kwafi na dubu bai ci masa komai ba fiye da na farko, kuma wannan lissafi shi ne har gobe ke riƙe da duk mai sayar da littafi ko darasi ko manhaja ta intanet.

Ita kanta intanet ba a gina ta don kasuwanci ba. Hanyar da ta haɗa jami'o'in Amurka da kuɗin gwamnati aka yi ta, kuma ƙa'idarta ta hana a yi amfani da ita wajen neman riba, sai da aka sassauta sannu a hankali, aka miƙa al'amarin ga kamfanoni a 1995. Kafin nan, a ranar 30 ga Afrilu 1993, cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Geneva ta yi wani abin alheri da ya cancanci a riƙa tunawa da shi: ta saki fasahar yanar gizo da Tim Berners-Lee ya ƙago a can, ta ce kowa ya ɗauka ba da biyan ko kwabo ba. Da a ce an sa mata kuɗin lasisi, da manyan kamfanoni kaɗai za su iya buɗe shago, da kuma wannan tarihi bai samu ba. A ranar 11 ga Agusta 1994 wani saurayi ɗan shekara 21, Dan Kohn, ya sayar da faifan waƙa guda a kan dala 12.48 ga wani mutum a Philadelphia, aka aiko da lambar katin banki a kulle yadda ɓarawo ba zai iya karantawa a hanya ba, kuma wannan ciniki ne da yawa ke lissafawa a matsayin na farko irinsa. A shekarar da ta biyo kamfanin Netscape ya sa irin wannan makulli cikin manhajarsa ta shiga yanar gizo, ya zama na kowa.

To, an tsare kuɗi daga ɓarawon hanya, saura tsare mai saye daga mai sayarwa. A watan Satumba 1995 Pierre Omidyar, wanda aka haifa a Paris, iyayensa mutanen Iran, ya buɗe wata 'yar kasuwar gwanjo a kwamfutarsa, wadda daga baya ta zama eBay. Cikin abubuwan farko da aka sayar akwai wata 'yar fitilar nuni da ta lalace, wani ya taya dala 14.83, har Omidyar ya rubuta masa yana tambaya ko ya fahimci cewa ba ta aiki, mutumin ya ce ya sani. Da jama'a suka yawaita, rigingimu suka yawaita, kowa yana kawo masa ƙara alhali shi kaɗai ne, sai a watan Fabrairu 1996 ya fito da dabarar da ta sauya kasuwancin duniya, watau bayan kowane ciniki mai saye da mai sayarwa su yi wa juna shaida a fili, yabo ko suka, shaidar kuma ta zauna manne da sunan mutum kowa yana gani. Da haka baƙo ya samu abin da a da sai wanda ya shekara ashirin a gari yake samu, wato suna. Mu da muka gaji fatauci ba za mu yi mamakin wannan ba, domin fataken goro da suka riƙa zuwa Gwanja, da masu kai shanu Kurmi, ba su taɓa sayar da bashi ga wanda ba su sani ba sai da tsayawar maigida, wanda ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma lamunce cewa mai saye zai biya; masanin nan Abner Cohen ya bayyana yadda wannan tsari ke gudana a unguwar Sabo ta Ibadan cikin littafinsa na 1969. Bambancin da ke akwai, kuma babba ne, shi ne maigidan Sabo mutum ne da ake iya zuwa a gaishe shi, a kai ƙararsa wurin sarki, ko a sauya masauki a tafi da mutuncin da aka tara. Amma shaidar da ɗan kasuwa ya tara a eBay ta eBay ce, ran da ya fita sai ya bar ta a can.

A farkon al'amari masu saye a eBay cek suke aikawa ta gidan waya, mai kaya ya jira ya ga kuɗi sun shiga kafin ya ɗaure kaya, ciniki guda ya ci mako biyu. PayPal, wanda ya fito a 1999, ya sa mutum ya iya karɓar kuɗi da adireshin imel kawai, ba tare da ya je banki ya roƙi izinin karɓar kati ba, izinin da bankuna ba su cika bai wa ƙaramin mutum ba. Ƙananan masu sayarwa ne suka rungume shi suka ƙi wanda eBay ya tanadar musu, har eBay ya haƙura ya saye shi a 2002 a kan dala biliyan 1.5.

A tsakanin nan aka yi haukan zuba jari a kamfanonin intanet, wanda ya kai ƙololuwa a ranar 10 ga Maris 2000, sannan ya rushe, kasuwar hannun jari ta Nasdaq ta yi hasarar fiye da kashi uku cikin huɗu na darajarta kafin ƙarshen 2002, kamfanoni irin su Pets.com da Webvan da suka ƙone miliyoyi wajen talla suka mutu. Ba zan daɗe a kansu ba, gama ba su ne abin maganarmu ba. Abin lura kawai shi ne mai sayar da tsofaffin littattafai daga ɗakinsa, wanda bai ci bashin kowa ba, ya kwana ya tashi yana cinikinsa.

Shekaru goman da suka biyo baya su ne zamanin yalwa ga ƙaramin ɗan kasuwa, domin a cikinsu ne kayan aikin da a da sai mai miliyoyi suka sauko har hannun talaka. Google ya fara sayar da talla a 2000 ta yadda mai ɗan kuɗi kaɗan zai iya nuna hajarsa ga wanda ke nemanta a daidai lokacin da yake nema. A 2003 Matt Mullenweg da Mike Little suka fitar da WordPress kyauta, wanda ya sa gina shafi ya daina zama aikin gwanaye kaɗai. Labarin Shopify kuwa ya fi kowanne nuna yadda waɗannan kaya ke samuwa: Tobias Lütke, Bajamushe mazaunin Ottawa ta Kanada, so ya yi ya sayar da allunan sulu a kan ƙanƙara a 2004, ya duba manhajojin buɗe shago da ke akwai bai ga mai kyau ba, ya zauna ya rubuta tasa, daga bisani ya gane cewa manhajar ta fi allunan daraja, ya fara ba da ita haya a 2006. Haka Mailchimp, wanda Ben Chestnut da Dan Kurzius suka fara a Atlanta a 2001 a gefen aikinsu na zana wa mutane shafuka, ba su taɓa karɓar jarin kowa ba har suka sayar da shi a 2021 a kan kimanin dala biliyan 12. Sannan wasu 'yan'uwa biyu daga Ireland, Patrick da John Collison, suka buɗe Stripe ga jama'a a 2011, karɓar kati ya zama aikin yini guda.

Tare da kayan aiki sai nasiha ta zo, kuma ita ma ta zama haja. A cikinta akwai mai tsabta. Mutanen kamfanin 37signals na Chicago, waɗanda suka fitar da Basecamp a 2004, sun yi ta jan hankalin masu farawa cewa su sa wa abinsu farashi tun ranar farko, su zauna ƙanana da gangan, kada su karɓi kuɗin masu jari da za su zo su mallake su. Kevin Kelly kuma a 2008 ya kawo wani lissafi mai sauƙi, cewa mai sana'a ba ya bukatar miliyoyin mutane, in ya samu masoya dubu na haƙiƙa, kowanne yana kashe dala ɗari a shekara a kan aikinsa, ya samu dala dubu ɗari, sharaɗin dai shi ne ya kasance yana mu'amala da su kai tsaye ba ta hannun wani ba. Wannan magana ce ta ƙana'a, kuma ina ganin ta fi dukan sauran amfani. Amma daura da ita wata irin nasiha ta tsiro, ta masu alkawarin dukiya ba da gumi ba, waɗanda ba su da wata haja sai darasin yadda ake yin arziki, wanda ya saya kuma ba a koya masa komai ba face yadda zai sayar wa na bayansa irin wannan darasi. Abin yana ɓata mini rai ƙwarai, domin waɗanda ke faɗawa ciki galibi matasa ne marasa aikin yi da matan aure masu neman abin rufin asiri, kuma kuɗin da suka biya sau da yawa shi ne jarin da za su fara da shi. Alamar da ke raba nasihar kirki da wannan ba ta da wuyar ganewa: a tambayi mai ba da ita abin da ya taɓa sayarwa ban da nasihar.

Daga nan sai zamani ya juya, waɗanda suka buɗe ƙofa suka zama masu gida. Wanda ya kafa sana'arsa a dandalin wani kamar mai rumfar haya ne a kasuwa, yana iya share ta ya ƙawata ta ya tara abokan ciniki, amma ran da mai ita ya ƙara kuɗi ko ya toshe hanyar da ke bi ta gabanta, ba shi da ta cewa. A watan Fabrairu 2011 Google ya sauya ma'aunin da yake jera shafuka da shi, sauyin da aka sa wa suna Panda, wanda ya taɓa kusan kashi 12 cikin ɗari na binciken da ake yi a Amurka. An yi shi ne don kawar da shafukan banza, kuma ya kawar da su, amma ya haɗa da wasu masu gaskiya da suka wayi gari masu ziyartarsu sun ƙafe. Apple, tun da ya buɗe kasuwar manhajojin waya a 2008, kashi 30 cikin ɗari yake ɗauka, sai a 2021 ya rage wa ƙanana zuwa 15. Etsy, kasuwar masu sana'ar hannu da aka kafa a Brooklyn a 2005, ta ɗaga la'adarta daga kashi 3.5 zuwa 5 a 2018, ta sake ɗagawa zuwa 6.5 a watan Afrilu 2022, har dubban masu sayarwa suka rufe shagunansu na mako guda don nuna fushi, amma ƙarin ya zauna. Saboda haka ne tsofaffin hannu a wannan sana'a suka haɗu a kan shawara guda, cewa mutum ya mallaki adireshin shafinsa da sunansa, ya kuma riƙe sunaye da lambobin abokan cinikinsa a wurin da babu mai iya kulle masa.

Ƙasarmu ta shigo wannan tarihi ta wata ƙofa dabam. Ba mu bi ta kwamfutar tebur da katin bashi ba, ta wayar hannu muka bi, wadda tsarinta na GSM ya iso Nijeriya a watan Agusta 2001. PayPal, wanda ya 'yantar da ƙaramin ɗan kasuwa a Amurka, bai waiwayi Nijeriya ba sai 2014, kuma ko a lokacin rabin ƙofa ya buɗe, mutum ya iya biya amma ba ya iya karɓa, haka al'amarin ya zauna shekara da shekaru, laifin 'yan damfara ƙalilan ya hau kan masu gaskiya da yawa. Da Jumia da Konga suka fara a 2012, sai suka tarar mutane ba su yarda su saki kuɗi kan abin da ba su gani ba, dole suka koma ga biya bayan kaya sun iso hannu, watau kusan matsayin da malaman Malikiyya suka tsaya a kai tun ƙarnoni da suka shuɗe. A 2015 Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa Paystack don ɗan kasuwar gida ya iya karɓar kati, kuma Stripe ya saye shi a watan Oktoba 2020 a kan abin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200.

Sai dai mafi yawan masu sayarwa a Kano da Kaduna da Sakkwato ba su taɓa gina shafi ba. Mai turaren wuta da humra, da mai atamfa da leshi, da mai kilishi, da mai ɗinkin hula, hoto suke ɗauka su sa a WhatsApp ko Instagram, a yi ciniki da saƙon murya, a tura kuɗi ta taransifa, mai kaya ta ce sai ta ga alat. Wannan ya buɗe wa matan da ke cikin gida kasuwar da a da sai ta hannun yara masu talla suke kai wa gare ta, kuma alheri ne babba. Amma raunin da ke cikinsa ya bayyana a 2021, shekarar da gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga watan Yuni har zuwa Janairun 2022, aka katse layukan waya a jihar Zamfara a watan Satumba saboda yaƙi da 'yan bindiga, sannan a ranar 4 ga Oktoba Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kimanin awa shida. Wadda ta rubuta lambobin abokan cinikinta a littafi, in layi ya dawo ko ta samu inda yake kamawa, tana iya kiransu ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta dogara ga mabiyan shafinta kaɗai sai jira.

Kai kaya kuwa, wanda a Amurka layin dogo da gidan waya suka ɗauke wa ɗan kasuwa tun zamanin Ward, a wurinmu har yanzu galibi a tasha yake ƙarewa. Mai kaya ta ɗaure ƙunshi ta rubuta suna da lambar waya a jikinsa, ta aika yaro ya kai wa direban motar Abuja ko Legas ko Maraɗi, a biya kuɗin saƙo, a tura wa mai saye lambar direban da ta motar, shi kuma ya je ya tsaya a tashar garinsu. Babu rasit mai ƙarfi, babu inshora, in kaya suka ɓace shugabannin tasha ake kai wa ƙara, su kuwa sun san direban, sun san wanda ya tsaya masa ranar da aka ba shi layi.